Ɗigon Baƙin Mai Layi Biyu

Har yau ban manta da Asabar ɗin da aka turo babur ɗin Malam Yusha'u shagon babana ba. Ni mai tafiya ce kai a sunkuye, don haka tun kafin in ga babur ɗin, ƙasa na fara gani. Daga bakin lungu har ƙofar shago baƙin mai ya ɗiɗɗiga, kuma layi biyu ne. Ɗaya manyan ɗigo ne, kowanne kamar murfin kwalba, kusa da kusa. Ɗayan ƙanana ne kamar ƙwayar gero, jefi-jefi, suna bin gefen manyan, tsakaninsu bai wuce faɗin tafin hannu ba. Na tsaya na duba, na wuce. Lokacin takwas saura kwata.

Malaminmu na aikin inji ya ce kowannenmu ya rubuta wa 'yan aji huɗu abu ɗaya da ya same shi a wurin koyon aiki, tunda ku ma za ku fita a dogon hutu mai zuwa. Wannan ne nawa.

Ga yadda tsarin yake. Ɗalibin aji biyar a makarantarmu ta fasaha yana yin mako shida a wani shago. Ana ba shi littafin aiki, kullum ya rubuta abin da ya yi, da yamma maigidan shago ya rubuta sunan ɗalibin a ƙasan shafi, ya sa hannu. Mu biyu ne mata a ajinmu. Shago uku na je, kowa ya ce ba shi da wurin da mace za ta tsaya. A ƙarshe sai shagon babana, Malam Lawal, a Ƙofar Jatau, inda yake gyaran babura tun kafin a haife ni.

Mu uku ne a shagon. Baba shi ne maigida, shi ke duba aiki ya yanke abin da za a yi, kuma shi kaɗai ke riƙe wutar walda. Kawu Sale, ƙanin mamata, shi ke kwance inji ya ɗaura. Ni ce ta ƙarshe: wanki, shara, miƙa sifana. Doka ta farko da Kawu ya gaya mini ita ce mai koyo ba ya magana a gaban mai mashin. In ka ga wani abu, ka jira ya tafi, ka gaya wa na gaba da kai.

Ni kuma akwai wata dokar a kaina da ta girmi wannan. Ni ce 'yar fari. A gidanmu, kamar gidaje da yawa a cikin birni, uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya zama hira da shi. Ba ƙi ba ne. Takalmina na makaranta bai taɓa yagewa ya kwana biyu ban tarar da sabo a ƙofar ɗaki ba. Amma ƙannena su ke hawa bayansa suna ja masa hula, ni tsakanina da shi gaisuwar safe ce, in durƙusa, ya amsa yana kallon wani wuri. A shago ma haka muka ci gaba. Ina tsaye kusa da shi zai ce, "Sale, a ce wa 'yar nan ta miƙo sifana goma." Kawu sai ya juyo ya ce, "Rukayya, kin ji saƙo ya iso daga nesa." Littafin aikina ma Kawu ke rubuta sunana yana sa hannu. Mako uku muka yi haka, ba abin da ya lalace.

Malam Yusha'u ma'aikacin lafiya ne, mazaunin Tudun Jukun, dogo, mai yawan raha. Ranar babu rahar sosai. Ya ce da sassafe yana wajen Ƙofar Galadima sarƙar mashin ta tsinke, ta doki inji, mashin ya kwanta da shi a bakin kwata. Gwiwar wandonsa ta yage, amma ba ita ta dame shi ba. Ranar Litinin zai ɗauki akwatin allurar rigakafin yara zuwa ƙauyuka, hanyar da mota ba ta shiga da damina. Ƙanƙarar da ke cikin akwatin tana da iyakar awannin da take yi. In mashin ya mutu masa a daji, allura ta lalace, kuma mata sun taru da jarirai a banza.

Ga wanda bai sani ba, kesin shi ne gidan inji, wato ƙwaryar alminiyon mai ɓari biyu da ke riƙe da baƙin mai da kayan ciki. In ya tsage mai zai tsiyaye, in mai ya ƙare inji ya buga. Sarƙar ta fasa ɓarin hagu, tsagar ta kai tsawon ɗan yatsa, kowa yana ganinta. Kawu ya ce a nemi wani kesin na hannu a sa, a huta. Baba ya nuna masa lambar inji, wadda aka buga a jikin wannan ɓarin, kusa da tsagar. Ya ce lambar nan ita ce a takardun mashin, in aka canza kesin, duk shingen da aka tsayar da Malam za a ce na sata ya hau. Dole a yi walda, kuma dole wuta ta bar lambar.

Malam Yusha'u ya tambaya ko zai riƙe. Baba ya ce, "Aikin da ya fita daga nan ba ya dawowa, in sha Allahu." Na sha jin mutane suna faɗar haka a kansa, ranar na fara jin ta daga bakinsa.

Daga nan ya dubi ƙofa ya ce a zuba ƙasa a kan man nan kada yaran unguwa su zame. Na ɗauki tsohon kwano na ɗebo yashi. Ina zubawa ina kallon ƙananan ɗigon nan suna ɓacewa. Na san abin da nake tunani: rami ɗaya ba ya yin layi biyu. Amma Malam Yusha'u yana zaune a benci, Baba yana tsaye, ni kuma da hannuna na binne abin da zan nuna. Wannan shi ne kuskurena na farko.

Na ce a raina zan gaya wa Kawu. Har ƙarfe goma yana kan kwance inji, Baba yana gefensa. Da ya gama, Baba ya aike shi Tudun Wada sayo sabuwar sarƙa da fakin, wato takardar da ake sawa tsakanin ɓari biyun don kada mai ya fita. Kawu ya ce daga can zai wuce ɗaurin auren abokinsa, sai bayan la'asar. Na bi shi har ƙofa, bakina a buɗe. Ya riga ya tayar da mashin ɗinsa, ya ɗaga mini hannu ya tafi. Na koma ciki, sai na ji shagon ya yi mini faɗi.

Ni aka ba wankin kesin. Na wanke da fetur, na sake wankewa da ruwan zafi da garin sabulu. Na fita da ɓarin hagun cikin rana, na juya shi ta kowane gefe, na bi shi da farce. Ban ga komai ba sai babbar tsagar. Na fara cewa ƙila taya ce ta taka mai ta yi layi na biyu. Amma taya ba ta yin ɗigo, shafe take yi. Na kan yarda da kaina minti ɗaya, in ƙaryata kaina minti biyu.

Yanzu ga yadda ake waldar kesin, don ba kowane shago za ku gani ba. Baba ya fara ɗora shi a kan garwashi, man da ya shige cikin jikin ƙarfen ya dinga fitowa yana hayaƙi, ana gogewa. Ya huda ɗan ƙaramin rami a kowane ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba da tafiya. Ya buɗe bakinta da magagari. Ya kwaɓa laka ya lulluɓe lambar inji da ita. Sannan ya ɗauko guntun sabulun wanki ya ja layi a kusa da wurin. Alminiyon ba ya yin ja kamar baƙin ƙarfe, ba ya gargaɗi, yana nan kamar lafiya sai kawai ya zube. Sabulun ne ke faɗa: in layin ya koma baƙi, zafi ya kai.

Na cusa hijabina cikin rigar aiki na tsaya nesa kaɗan. Baba ya kunna wutar gas. Na ga layin sabulu ya koma ruwan ƙasa, ya koma baƙi, na ga lakar tana bushewa daga gefe tana tsattsagewa. Akwai wata jijiya a wuyan Baba da ke tashi in yana tsoron abu, kuma ta tashi. Da ya kashe wuta ya ɓare lakar, lambar tana nan lafiya, ba harafin da ya narke. Malam Yusha'u ya ce Alhamdu lillahi har sau uku. Aka binne kesin cikin toka don ya huce a hankali, suka tafi masallaci.

Na yi sallar azahar a gidan maƙwabta. Abincin da aka aiko mini daga gida ban iya ci ba. A raina ina ta ganin Malam Yusha'u a tsakiyar gonakin dawa, yana tura mashin, ruwa yana ɗiga daga akwati. Ina kuma jin mutane suna cewa a shagon Malam Lawal aka yi aikin.

Wajen ƙarfe uku aka tono kesin. Saura gwaji. Ana toshe ramukan noti, a shafa jiƙaƙƙen alli a bayan ƙarfen a bar shi ya bushe fari tas, a ajiye ɓarin kamar ƙwarya, a zuba kananzir a ciki. Kananzir yana bin hanyar da ido ba ya gani. In akwai tsaga, zai fito ya ja baƙin layi a kan allin. Baba ya nuna wurin walda da sifana ya ce a shafa alli. Na shafa a wurin. Sai na ci gaba, na shafe gindin ɓarin gaba ɗaya har wajen notin da ake juye mai, sai da allin shagon ya ƙare. Baba ya kalli hannuna. Malam Yusha'u ya yi dariya ya ce, "Injiniya, fenti za ki yi mana?"

Aka zuba kananzir. Baba yakan ba shi minti goma. Na tsuguna ina kallon gindin kesin har idona ya yi ruwa. Fari tas. Wurin walda ma fari tas. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, Malam Yusha'u yana ta duba sama, yana cewa da an haɗa yau da ya kwana da kwanciyar hankali. Baba ya duba agogo, ya shafa waldar da babban yatsa, ya ce a juye, a wanke, Sale na zuwa a haɗa.

Ban motsa ba.

Ya sake faɗa, ya ɗan ɗaga murya, yana kallon bango. A rayuwata bai taɓa faɗa mini abu sau biyu ba. Ba ni da tsagar da zan nuna, ba ni da Kawu, layin da na gani kuma na binne shi da yashi. In na yi magana ba a sami komai ba, na ce wa ubana aikinsa bai cika ba a gaban mai mashin. In na yi shiru na juye, shi ke nan, allin zai tafi da ruwan wanki.

Na ce, "Baba."

Muryar ta fito ƙarama, kamar ba tawa ba. Ya tsaya da goge hannu.

Na ce, "Da safe man layi biyu ya yi a ƙasa. Akwai manya, akwai ƙanana. Don Allah a ƙara masa lokaci."

Malam Yusha'u ya buɗe baki zai yi raha, ya dubi fuskar Baba, ya fasa. Ni dai ina kallon yatsun ƙafata. Na jira a ce in tafi gida.

Baba ya ajiye tsumma ya fita. Na ɗago kaɗan na gan shi yana share yashin ƙofa da gefen takalmi. Yashin ya shanye komai, sai dunƙulen baƙi. Ya miƙe ya bi lungu. Mutane da awaki sun tattake hanya tun safe, ya yi ta tafiya kai a sunkuye har ya kusa ɓace mini. Can wajen wani zaure, inda Malam ya raɓa da mashin jikin katanga don ya kauce wa kwata, sai ya tsuguna. Ya daɗe a wurin. Na ga ya ɗora hannu a ƙasa, ya buɗe babban yatsa da manuni.

Haka ya dawo, yatsun nan a buɗe, bai rufe su ba, kamar mai ɗauke da abin da zai zube. Ya tsuguna gaban kesin, ya ɗora babban yatsa a kan walda. Manunin ya sauka kusa da notin juye mai. Ya jawo benci ya zauna. Malam Yusha'u ya ce, "Malam Lawal, lafiya?" Baba ya ce, "Za mu jira."

Mun jira. Ban san ko minti nawa ba ne, na dai san an fara yayyafi a kan kwanon rufi, kuma na ƙirga ɗigon da ke faɗowa ta hujin ƙusa har na ɓata lissafi. Kowane lokaci ina cewa yanzu zai tashi. Sai ga wani ɗan tabo, launin toka, a gindin notin. Na ɗauka inuwa ce. Ya yi duhu, ya miƙe a hankali, siriri kamar gashin kai, ya lanƙwasa ya bi ƙasan kesin, tsawon rabin ashana.

Baba ya ce nan ne wurin da ya bugi dutse lokacin da mashin ya faɗi. Ya yi wa Malam bayani cewa irin wannan tsagar a sanyi ba ta zubar da mai sosai, sai inji ya yi zafi take buɗewa, kuma da ta kai shi nesa da gari kafin ta nuna kanta. Malam Yusha'u ya cire hula ya shafa kai. Ya dube ni ya ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata." Wannan karon bai ce Injiniya ba. Baba bai dube ni ba. Ya ce a hura gawayi.

Aka sake komai daga farko: garwashi, huda, magagari, sabulu, wuta, toka. Kawu ya dawo a jiƙe da fakin cikin leda a ƙirjinsa, ya tarar da kesin a toka, ya tambaya ko tun safe bai huce ba. Malam Yusha'u ya ba shi labari, har da ƙari. Kawu ya ce, "Rukayya? Wannan da ko sauro ya cije ta sai ta nemi izini kafin ta sosa?" Baba ya ce, "Sale, a gaya wa 'yar nan, daga yau duk mashin da aka turo, ta fara duba ƙasa kafin a taɓa shi. Kuma a sayo alli, kwali guda." Kawu ya ce saƙo ya isa tun kafin ya tashi.

Ranar Lahadi aka sake gwaji, rabin awa cur, fari tas. Aka haɗa inji, aka bar shi yana aiki a kan farar takarda, ko ɗigo. Litinin kafin magariba Malam Yusha'u ya tsaya a ƙofar shago, taɓo har gwiwa, akwati a ɗaure a baya babu komai ciki. Kafin ya gama sallama na riga na tsuguna ina leƙen gindin inji. A bushe yake.

Abin da zan ce muku, ku da za ku fita, kaɗan ne. Maigida ya fi ku sanin inji nesa ba kusa ba, amma idonsa yana kan babban rami, domin shi kowa ke nuna masa. Mai koyo shi ke ƙasa, shi ke shara, shi ke wanki, don haka akwai abin da shi kaɗai zai gani. Dokar yin shiru a gaban mai mashin doka ce mai kyau, an yi ta ne don a tsare mutuncin shago. Ni na riƙe ta tun safe har ta kusa zubar da mutuncin da aka yi ta dominsa. Da na faɗa tun kafin in ɗebo yashi, da wuta ɗaya za a kunna, ba biyu ba. Na kuma gane cewa mutanen wannan sana'a ba surutu suke ƙi ba, zato suke ƙi. Baba bai yarda da ni don ni 'yarsa ce ba, sai da ya je ya auna da yatsunsa. Amma ya je.

Shafin Asabar ɗin ban ba Kawu ba. Na rubuta shi, na zana layi biyun da kesin da wurin notin, na bar ƙasan shafin babu suna, babu sa hannu. Kawu ya tambaya sau biyu na ce ban gama ba. Yammacin Litinin ɗin, bayan Malam Yusha'u ya tafi, Kawu ya zaga baya yin alwala. Baba yana zaune a benci yana goge bakin abin walda da tsumma. Na wanke hannuna sau biyu don kada in ɓata takarda. Na ɗauko littafin da biro, na durƙusa a gabansa kamar gaisuwar safe, na buɗe shafin na ɗora a gefen bencin. Ya dubi zanen, ya dubi layin da babu komai a kansa, inda ake rubuta sunan ɗalibi.

Na ce, "Baba, wannan shafin, don Allah kai nake so ka cike mini."